Kwamfutar Yaya, faifan Auta: yadda Linux na waje ya hana Windows na ciki tashi

Wata Litinin da safe, ban gama share gaban shago ba, wata malamar makaranta ta sauko daga Adaidaita Sahu rungume da jakar kwamfuta, ƙaninta na biye da ita kansa a sunkuye. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta buɗe kwamfutar a kan teburina ta danna makunni. Tambarin HP ya fito ya ɓace, sai baƙin allo da 'yan layukan farin rubutu. Na sama ya ce GNU GRUB version 2.06, na ƙasa kuwa kalma ɗaya ce, grub>, da ɗan layi yana ƙyaftawa a gabanta.

"Malam, sakamakon jarabawar azuzuwa uku ne a cikin nan, kuma yau ake jira in miƙa," in ji ta. "Auta ya rantse min ba zai taɓa min komai ba."

"Wallahi Yaya ban taɓa ba," in ji shi. "Komai nawa a faifaina na waje na zuba."

Na tambaye shi ina faifan. Ya ce ya manta shi a ɗakin abokinsa a makaranta tun ranar Juma'a. Daga wannan amsar na fahimci abin da ya faru, domin ba shi ne na farko da ya kawo min irin wannan ba. Na kashe kwamfutar, na sake kunnawa, na riƙa danna F9 tun kafin tambari ya fito. Jerin hanyoyin tashi ya bayyana: na farko an rubuta ubuntu, na biyu Windows Boot Manager. Na sauka kan na biyu na danna. Windows ya tashi lafiya lau, fayilolinta na Excel suna nan inda ta bar su. Ta yi hamdala, ta kwafe su a filash, ta tafi makaranta, ta bar min kwamfutar da ƙanin. Na aike shi ya je ya ɗauko faifansa.

Yadda aka kai ga haka

Kwamfutar EliteBook 840 G3 ce, ta hannu, irin waɗanda suka cika shagunan Kano. Ƙirar 2016 ce, da Core i5 na zubi na shida, RAM giga 8, da ƙaramin faifan SSD mai giga 128 wanda Windows 10 da hotunan biki da takardun makaranta suka kusa cinyewa. Ta malamar ce, da albashinta ta saya. Auta kuma yana ajin ƙarshe a jami'a, aikin kammala karatunsa a kan hanyoyin sadarwar kwamfuta ne, kuma malaminsa ya ce ya yi gwajinsa da Mininet, manhajar da ke kwaikwayon kwamfutoci da na'urorin haɗa su masu yawa a cikin kwamfuta ɗaya. Mininet a kan Linux take aiki, wata babbar manhaja da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi. Shi kuma ba shi da kwamfuta, sai aron ta yayarsa da daddare da ranakun hutu.

Akwai hanyoyin da wani zai ce su ne suka fi sauƙi. Yana iya ɗora VirtualBox, manhajar da ke kwaikwayon wata kwamfuta a cikin Windows, ya sa Linux a ciki, ko ya kunna WSL, wato Linux ɗin da Microsoft ta tanada a cikin Windows. Amma dukansu biyun a faifan yayarsa za su zauna, kuma gurbin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Ga kuma sharaɗin da ta gindaya masa tun ranar farko: kada ya ɗora komai, kada ya goge komai. Raba faifan gida biyu kuwa, yadda aka saba yi in ana son Windows da Linux a kwamfuta ɗaya, bai ma taso ba. Don haka shawarar da ya yanke ta sa Linux a abin da ake cirewa a saka a aljihu shawara ce mai kyau, kuma da ni ya fara tambaya, ita zan ba shi.

Da filash ya fara. Ya sauke Ubuntu 22.04, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, saboda takardar jagorar da malaminsa ya ba shi a kanta aka rubuta, sama da giga 4 na data, ya rubuta ta a filash da Rufus, ya kuma ja ɗan ma'aunin da ke ware wurin ajiya mai ɗorewa don abin da ya yi kada ya ɓace in ya kashe. Kwana biyu abin ya yi aiki. A na uku fayiloli suka fara buɗewa da shirme a ciki. Filash ɗin da aka rubuta wa giga 64 a jiki, da aka gwada shi da H2testw, ainihin cikinsa bai wuce giga 8 ba. Irin waɗannan an yi wa ƙwaƙwalwarsu dabara ne su riƙa yi wa kwamfuta ƙaryar girma. Da zarar ka wuce ainihin cikinsu, abin da ka zuba ko dai ya ɓace ko ya hau kan na baya ya lalata shi. Ko da filash ɗin na gaske ne ma, ba zan so a yi aikin wata uku a kansa ba. Filash an yi shi ne don a zuba babban fayil a ɗauke, ita kuwa babbar manhaja kullum cikin rubuta ƙananan abubuwa take, dubbai a jere, kuma a nan filash ke rarrafe, ya yi zafi, ya gaji da wuri. Sannan a wannan tsari na ajiya mai ɗorewa, zuciyar Linux ɗin daga hoton asali, wato fayil ɗin da aka sauke aka rubuta a filash, take tashi, ba a sabunta ta yadda ya kamata.

Sai ya tara kuɗi ya sayi SSD mai giga 240 irin na inci biyu da rabi, da ɗan kes mai wayar USB 3.0. Wannan shi ne daidai. USB 2.0 iyakarta megabit 480 a daƙiƙa, USB 3.0 kuwa gigabit 5, kuma SSD a cikin kes mai kyau yana gudu har mutum ya manta cewa a waje yake. Kwamfutar tana da manyan kafofin USB biyu, ya soka sabon filash mai ɗauke da manhajar girkawa a ɗaya, SSD a ɗaya. Da ya zo matakin zaɓar faifai, ya yi taka-tsantsan matuƙa. Ya guje wa zaɓin da ke cewa a goge faifai, ya shiga wanda mutum ke yanka da hannunsa, ya tabbatar faifan giga 240 ya zaɓa, ya yi masa yanki guda ɗaya babba na ext4, tsarin jera fayiloli na Linux, ya ce nan ne tushen Linux. Ya danna ci gaba. Girkawa ta ƙare, kwamfuta ta tashi da jeri mai kyau, Ubuntu a sama, Windows a ƙasa. Mako biyu yana aiki, kullum faifan na soke a jiki domin a gida ake barin kwamfutar, yayarsa kuma in za ta yi aiki shi yake zaɓar mata Windows. Ranar da faifan ya kwana a wani wuri, ranar asiri ya tonu.

Inda kuskuren yake

Kwamfutocin zamanin nan ba sa tashi yadda na da suke yi. Abin da har yanzu muke kira BIOS a baki, a irin wannan kwamfuta UEFI ne. In an kunna, UEFI yana duba wani ɗan jeri da ke ajiye a ƙwaƙwalwar allon uwa, wato babban allon da sassan kwamfuta ke haɗe a kansa, ba a faifai ba. Kowane layi a jerin yana cewa: je faifai kaza, yanki kaza, ka buɗe fayil kaza. Waɗannan fayilolin tashi suna zaune a wani ɗan ƙaramin yanki na musamman mai tsarin FAT32, ana ce masa yankin EFI. Windows yakan yanka masa kimanin mega 100, kuma ba ya nuna shi a cikin jerin faifai, shi ya sa mutane da yawa shekara da shekaru suna amfani da kwamfuta ba su san da shi ba. Kamar zaure yake: duk wanda zai shiga gidan ta nan zai bi.

Auta bai yanka wa faifansa zaure ba. Manhajar girkawa ta duba, ta ga zaure ɗaya ne kacal a duk faifan da ke haɗe, wanda ke cikin faifan yayarsa, sai ta ajiye fayilolin tashin Linux a can, a wata folda mai suna ubuntu, kusa da ta Microsoft. Ta kuma ƙara layi a jerin UEFI ta ɗora shi a sama. To GRUB, ɗan jagoran da ke tada Linux, a rabe yake gida biyu. Guntunsa na farko yana yankin EFI, tare da wani ɗan fayil mai layi uku wanda ke ɗauke da lambar shaidar yankin da sauran jikinsa yake. Sauran jikin, har da jerin zaɓin da ake gani a allo, yana cikin faifan Linux. In faifan na soke, guntu ya sami ɗan'uwansa, komai ya tafi daidai. In an cire, guntun farko ya tashi, ya nemi wannan lamba ya rasa, ya tsaya cak yana jiran umarni. Baƙin allon da ya tayar wa malama da hankali ke nan.

Abin da aka rubuta a faifanta bai wuce 'yan megabayit ba. Amma alkawarin da ya yi mata shi ne kwamfutarta za ta kasance yadda ta san ta, kuma waɗannan 'yan megabayit sun isa su karya shi. A ganina nan ne duk maganar take. Mai ɗora Linux a faifan waje yana zuba ido ne a kan inda manyan fayiloli za su sauka, yana tsoron kada ya goge hotunan mutane, kuma tsoron yana da dalili. Wurin da ba ya kallo shi ne ƙofar shiga. Faifan waje bai zama na waje ba sai ya ɗauki zaurensa a jikinsa, ta yadda in an zare shi kwamfutar ba za ta san ya taɓa zuwa ba.

Gyaran

Kafin in taɓa komai, na kwafe foldodin malamar gaba ɗaya a faifan shago. Sannan na buɗe baƙar tagar umarni ta Windows na rubuta manage-bde -status don in ga ko an kulle faifan da BitLocker. Ba a kulle ba. Wannan tambaya ba ta tsallakuwa, musamman a kwamfutocin ofis: in BitLocker na kunne, taɓa Secure Boot (tsaron da ke hana fayil ɗin tashi marar amintaccen sa hannu aiki) ko hanyar tashi yana iya sa Windows ya tsaya ya nemi mabuɗi mai lamba 48, kuma in mai kwamfutar bai san inda yake ba, babu gwanin da zai buɗe masa.

Hanya biyu ce a gabanmu. Mafi tsabta ita ce a kwance murfin ƙasa, a zare faifan ciki, a sake girka Linux daga farko faifan waje shi kaɗai. Amma Auta ya shafe mako biyu yana saita Mininet da rubuce-rubucensa na Python, ga kuɗin data da ya kashe. Na zaɓi in gyara abin da ke akwai, shi kuma na zaunar da shi a kujerata, ni ina tsaye a bayansa, domin da hannunsa nake so ya yi.

Muka tashi daga filash ɗin girkawa, SSD na soke. Na ce ya rubuta lsblk. Faifai uku suka jeru: sda, sdb, sdc. Na ce ya nuna min nasa. Ya ɗora yatsa a kan sdb ya ce ai shi ne na biyu. Na ce ya daina kallon harafi ya kalli girma, domin haruffan nan suna iya sauyawa daga tashi zuwa tashi, gwargwadon wanda kwamfuta ta fara gani. Na giga 128 yakan nuna kusan 119, na 240 kuma kusan 223, saboda bambancin lissafin masu sayarwa da na kwamfuta. Ya duba, ya tabbatar, sannan muka buɗe GParted, manhajar yanka faifai. Muka rage yankinsa na ext4 daga ƙarshe da mega 512. Daga ƙarshe muka rage da gangan: ragewa daga farko na nufin a matsar da duk abin da ke ciki, aikin da ke ɗaukar lokaci mai tsawo, kuma in waya ta motsa ana cikin yi, an yi asara. A gurbin da ya samu muka yi sabon yanki na FAT32, muka sa masa alamar boot da esp.

Daga nan muka sake tashi, wannan karon cikin Linux ɗinsa, ta tsohuwar ƙofar da ke faifan yayarsa, karo na ƙarshe. A cikin fayil ɗin /etc/fstab, inda Linux ke rubuta yankunan da zai haɗa in ya tashi, akwai layin /boot/efi ɗauke da lambar yankin EFI na faifan ciki. Lambar FAT32 gajera ce, harufa takwas da ɗan layi a tsakiya, ba kamar doguwar ta ext4 ba. Da blkid muka samo ta sabon yankin, ya kwafe ta a takarda da biro, ya karanta min sau biyu, ya maye gurbin tsohuwar. Muka sauke tsohon yankin, muka haɗa sabon, sannan ya rubuta:

sudo grub-install --target=x86_64-efi --efi-directory=/boot/efi --removable --no-nvram

Kalmomi biyun ƙarshe su ne zuciyar gyaran. Ta farko tana sa a ajiye fayil ɗin tashi a \EFI\BOOT\BOOTX64.EFI, wurin da ƙa'idar UEFI ta ce kowace kwamfuta ta duba a faifan da ake cirewa ko da ba a yi masa rajista ba. Ta biyu tana hana a sake rubuta komai a ƙwaƙwalwar allon uwa. Muka kuma sa GRUB_DISABLE_OS_PROBER=true a saitin GRUB don jerin Auta ya daina lissafa Windows ɗin yayarsa, muka sabunta jerin, na kuma bi saitin da ke gaya wa sabuntawar gaba inda za ta rubuta GRUB, na tabbatar faifan waje yake nunawa.

Saura share sawu. Umarnin efibootmgr ya nuna mana jerin da ke allon uwa, muka goge layin ubuntu, Windows Boot Manager ya koma sama. Muka buɗe yankin EFI na ciki muka cire foldar ubuntu. A nan na riƙe masa hannu, domin foldar Microsoft tana gefenta, kuma kuskuren harafi ɗaya a wurin nan zai mai da ƙaramar matsala babba. Akwai kuma folda ta uku mai suna Boot, wadda mutane ke mantawa. A cikinta muka tarar da fbx64.efi da mmx64.efi, na Linux ne, kuma an maye gurbin bootx64.efi na asali. Shi na asalin kwafin bootmgfw.efi ne da ke foldar Microsoft, don haka muka cire baƙin biyu muka sake kwafo shi.

Gwaji uku muka yi. Ba faifai: Windows ya tashi kai tsaye, ko ƙyaftawa babu. Da faifai, aka danna F9 aka zaɓi na USB: Ubuntu ya tashi. Sannan na zare faifan na soka shi a wata Dell da ke kan teburi, na danna F12, ya tashi a can ma, aikinsa na nan yadda ya bar shi. Wannan na ukun ne ya sa Auta ya ɗago kai a karon farko tun safe, domin ya gane ko yayarsa ta hana shi aro, faifansa zai tashi a kwamfutar abokinsa ko ta ɗakin gwaji. Secure Boot kuwa ba mu kashe shi ba, babu buƙata, tunda Ubuntu yana tashi ta wani ɗan fayil mai suna shim wanda ke ɗauke da sa hannun Microsoft. Abin lura kawai shi ne tun sabuntawar Windows ta Agustan 2024, tsofaffin hotunan Linux masu tsohon shim na iya gamuwa da ƙin tashi, don haka wanda zai yi filash ya sauke sabon fitowa, kada ya karɓi wanda ya shekara uku a faifan aboki.

Abin da ya biyo baya

Da la'asar malamar ta dawo, ta kunna da kanta, ta ga allonta yadda ta saba. Sai ta ce akwai wani abu kuma: kwanakin nan agogon kwamfutar yana baya da awa ɗaya, har ta kusa makarar shiga aji sau ɗaya. Wannan ma sawun Linux ne. Agogon da ke allon uwa ɗaya ne, amma Linux yana saita shi a kan lokacin duniya na UTC, Windows kuma yana karanta shi a matsayin lokacin gida. Najeriya tana gaban UTC da awa ɗaya, shi ya sa duk lokacin da Auta ya gama aiki, ƙarfe goma sha biyun Kano sai ta koma sha ɗaya a Windows. Ana iya gyarawa ta kowane ɓangare, amma ta ɓangaren Auta muka gyara, da timedatectl set-local-rtc 1, saboda baƙo ne ya kamata ya bi al'adar gida. Linux yakan yi gargaɗi a kan wannan saiti saboda ƙasashen da ke sauya agogo da sauyin yanayi, mu kuwa ba ma sauyawa.

Auta ya kawo nasa ƙorafin: daga Linux yana ganin faifan Windows, yana iya buɗe fayil, amma ba ya iya ajiye komai a ciki. Dalilin shi ne saurin tashi da aka shigo da shi tun Windows 8: in ka ce a kashe, Windows ba ya mutuwa gaba ɗaya, yana ajiye wani ɓangare na halin da yake ciki a faifai, Linux kuma in ya ga haka sai ya ƙi rubutu don kada ya lalata. Ya ce in kashe masa wannan saitin. Na ƙi. Saitin yayarsa ne, kuma wannan ƙin rubutun katanga ce da ta zo masa a kyauta. In yana son ɗaukar fayil daga nan zuwa can, ga filash.

Na ja masa kunne a kan waya. Tushen Linux ɗinsa gaba ɗaya a kan wannan 'yar igiya yake rataye. In ta zare ana aiki, allo zai daskare, abin da bai ajiye ba ya tafi, wani lokaci har tsarin fayiloli ya taɓu. Na ba shi gajeriyar waya, muka ɗaure kes ɗin a bayan murfin allo da roba, na ce ya riƙa kashewa gaba ɗaya maimakon rufe murfi ya bar ta tana barci, ya kuma san cewa faifan daga batirin kwamfutar yake shan wuta, abin da zai ji a jikinsa duk daren da aka ɗauke wuta. Abu ɗaya da ban iya yi masa ba a ranar shi ne kulle faifan da kalmar sirri, domin wannan a lokacin girkawa aka fi yin sa cikin sauƙi. Faifan da ake mantawa a ɗakin aboki ya cancanci kulle, kuma mun yi da shi cewa in ya miƙa aikinsa zai dawo mu sake girkawa, mu zare faifan ciki tukuna, mu kulle na wajen.

Malamar ta tambaye ni ko gaskiya ne Windows ɗinta ya kusa daina aiki. Na ce ba zai daina ba, amma Microsoft ta sa 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar ƙarshen tallafin Windows 10, kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na takwas na Intel yake farawa, ban da 'yan ƙalilan, nata kuwa na shida ne. Ubuntu 22.04 da ke faifan ƙaninta yana da tallafi har Afrilun 2027. Ta yi shiru tana kallon ɗan kes ɗin da ke ɗaure da roba, sannan ta ce, "Auta, in an yi hutu ka nuna min yadda ake buɗe Excel a naka ɗin." Ya ce sunansa LibreOffice Calc, kuma yana buɗe fayilolinta. Ta ce to, amma a faifansa za a gwada, da kwafi, ba da na asali ba. Ta zuge jakarta, shi kuma ya zare faifan ya sa a aljihun gaban rigarsa.